Mu daina auna amfilifaya da hannu

Duk wanda ya taɓa shiga shagunan kayan sauti a Sabon Garin Zariya ya san yadda cinikin amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti kafin ya isa sifika, yake farawa. Kafin a jona ta da wuta, kafin a ji ko ƙis daga sifika, mai shago zai miƙo ta ya ce, "Alhaji, ɗaga ka ji." In ta rinjayi hannu, ciniki ya yi rabi. In kuwa ta zo sakayau, sai mai saye ya yamutsa fuska ya ce ai wannan ta yara ce, a kawo masa ta gaske. Da wannan ma'auni ake sayen kayan ɗaki, da shi kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya suke kashe kuɗin jama'a, da shi masu ba da hayar kayan biki suke zuba jari.

Ra'ayina shi ne ma'aunin ya tsufa, kuma yana jawo mana asarar kuɗi da wuta. Amfilifaya ta zamani mai aiki da kunnawa da kashewa, wadda masu gyara ke kira Kilas D, in an ƙera ta da kyau, sautinta bai gaza na tsohuwar mai nauyi da komai ba. A gari irin Zariya, mai zafi da ƙarancin wuta, ita ce ma ta fi dacewa da yawancinmu. Akwai wuraren da tsohuwar ta fi ta, zan zo kansu, kuma ba ƙananan wurare ba ne. Amma daɗin sauti ba ya cikinsu.

Mutane ba daga sama suka samo wannan ra'ayi na nauyi ba. A shekarun 1970 da 1980 kayan Japan irin su Sansui, Pioneer, Kenwood, Technics da Akai suka shiga gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa da malaman jami'a a Samaru da Kongo. Nauyin waɗannan na'urori daga abu biyu yake: ƙaton taransifoma na ƙarfe da naɗin tagulla, da faffaɗan alminiyam mai haƙora da ke zuƙe zafin taransistoci, wato ƙwayoyin da ke sarrafa wutar da ke tafiya sifika. A irin wannan ƙira, in ana son ƙarfi dole a ƙara taransifoma, dole a ƙara alminiyam. Don haka a wancan zamani hannu ba ya yi wa mutum ƙarya, mai nauyi ita ce mai ƙarfi. Ga shi kuma a 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka cewa duk mai sayar da amfilifaya ta gida sai ya rubuta ƙarfin da za ta iya bayarwa a ɗore, ba na ƙiftawar ido ba. Kamfanonin da ke son kasuwar Amurka suka bi. Shi ya sa in tsohuwar na'ura ta ce wat 40, to wat 40 ɗin ne. Wanda ya tashi da irin wannan gaskiya yana da hujjar ƙin amincewa da akwatin roba da aka rubuta wa wat 5000.

Sai dai ya kamata mu san me ke faruwa a cikin akwatin. Aikin amfilifaya guda ne: ta karɓi siririn sauti na lantarki daga makirufo ko waya, ta fito da irinsa sak, amma da ƙarfin da zai iya tura faifan sifika gaba da baya. A tsohuwar ƙira, wato Kilas A da Kilas AB, taransista tana aiki ne kamar famfon da aka riƙe a rabin buɗe, ana ɗan ƙarawa ana ɗan ragewa daidai da hawa da saukar sauti. Duk ƙarfin da aka tare bai wuce ba, zafi yake komawa. A Kilas D famfon ko dai a buɗe yake gaba ɗaya ko a rufe ruf, ana buɗewa ana rufewa sau 300,000 zuwa 500,000 a sakan ɗaya, wani lokaci ma fiye, kuma tsawon kowace buɗewa shi ke bin siffar sautin. Kunnen ɗan Adam iyakarsa girgiza 20,000 a sakan, ga yaro ke nan, babba bai kai nan ba. Daga ƙarshe sai a bi da abin da ya fito ta matata ta naɗin waya da kafasita, ta cire saurin kunnawar, ta bar sautin tsantsa. Tunda taransistar ba ta zama a tsaka-tsaki, zafin da take yi kaɗan ne.

A lissafi, Kilas A ta gargajiya ba ta iya mai da fiye da kashi 25 cikin 100 na wutar da ta sha zuwa sauti, kuma wutar da take sha ɗaya ce ko ana kiɗa ko an yi shiru. Kilas AB, wadda ita ce a cikin kusan duk tsoffin kayan gidajenmu, ƙololuwar da lissafi ya yarda mata ita ce kashi 78.5, a zahiri kuma takan tsaya tsakanin 50 da 65 in an buɗe ta sosai. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne in aka rage murya zuwa kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta, inda yawancin sauraro yake, sai amfanin ya sauko wajen kashi 25. Kashi uku cikin huɗu na wutar ɗumama ɗaki yake yi. Kilas D mai kyau tana kai kashi 90.

Masu ƙyamar Kilas D suna da tarihi a bayansu, kuma ba zan ɓoye shi ba. Dabarar ta daɗe. Wani masanin Ingila, Alec Reeves, ya fito da ita a shekarun 1950. A 1964 kamfanin Sinclair ya sayar da ta farko ga jama'a, ƙarfinta bai wuce wat biyu da rabi ba, kuma ba ta yi suna mai kyau ba. Sony ta fitar da tata a 1978. Sai a 1996 kamfanin Tripath na Amurka ya dunƙule dabarar a cikin ƙwayar aisi guda, wato ƙaramar ƙwayar lantarki da aka tattara dukkan tsarin a cikinta, abin ya fara yaɗuwa. Na'urorin farko suna da aibu na gaske. Taransistocin lokacin ba su da saurin da ake buƙata, sai ɗan jinkirin da ke tsakanin kashe ɗaya da kunna ɗaya ya gurɓata sauti. Duk wani rawar da wutar ciki ta yi yakan fito kai tsaye a sifika. Mafi muni, matatar ƙarshe tana canza hali gwargwadon sifikar da aka jona: da wannan sifika saman sautin ya yi kaifi har ya soki kunne, da waccan ya dushe. Wanda ya saurari irin waɗannan ya ce sautinsu busasshe ne, bai yi ƙarya ba.

Amma an magance wannan tun sama da shekara ashirin. Wani injiniya ɗan Beljiyam, Bruno Putzeys, tun yana aiki da Philips ya tsara hanyar da na'urar za ta riƙa ɗebo samfurin sautin bayan ya wuce matata, ta gwada shi da wanda ya shigo, ta gyara bambancin nan take. Da haka sifikar da aka jona ta daina sauya halin amfilifaya. Ya ci gaba da aikin a kamfanin Hypex na ƙasar Holan, daga baya a kamfanin Purifi na Denmak. Na'urorin baya-bayan nan da suka fito daga wannan layi gurɓatar sautinsu tana ƙasa da kashi 0.001 cikin 100, abin da yawancin tsoffin kayan da muke taƙama da su ba su kai ba ko suna sababbi fil. Marantz, sunan da masu son gwanjo ke girmamawa, ta sa ƙirar Hypex a cikin babbar amfilifayarta PM-10. Kamfanin NAD ya sa ta Purifi a amfilifayarsa M33 a 2020. Manyan tarukan da ake yi a filayen wasa na duniya, yawancin kayan da ke tura sifikokinsu yau masu kunnawa da kashewa ne. Kuma wayar da ke aljihunka, da talabijin ɗin bango, da ƙaramar sifikar bulutus, kusan duk Kilas D ce a cikinsu. Mun daɗe muna saurarenta.

Akwai kuma batun kunne shi kansa, wanda nake so masu gardama su yi wa adalci. Kunne yana son abin da ya fi ƙara. In aka gwada na'ura biyu, ɗaya ta ɗara ɗaya da ɗan abin da bai kai desibel (ma'aunin ƙara) ɗaya ba, mai sauraro ba zai ce ta fi ƙara ba, cewa zai yi ta fi cika, ta fi daɗi. Ido ma yana sa baki: wanda ya ga fuskar alminiyam mai sheƙi da allura tana rawa ya riga ya yanke hukunci kafin a kunna. A 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga sakamakon wani gwaji da aka daidaita ƙarar na'urori, aka ɓoye wa masu sauraro wadda ke aiki. Akwai ta wajen dala 200, akwai ta dala 12,000. Amsoshin da suka bayar, in aka haɗa su, ba su yi nisa da na mai canki-canka ba. Babu Kilas D a wannan gwaji, amma abin da ya nuna ya shafe ta: muddin amfilifaya ba ta ƙara ko rage wani sashen sauti, gurɓatarta kaɗan ce, kuma ba a tura ta fiye da ƙarfinta ba, da wuya kunne ya raba ta da 'yar uwarta. Masu son na'urar kwalba ta zamanin da, wadda ake yi kafin zuwan taransista, suna da nasu dalili, domin ita takan ƙara wa sauti wani ɗan launi da wasu ke jin daɗinsa. Wannan zaɓin rai ne, ban ga laifinsa ba, matuƙar ba a ce shi ne ainihin abin da aka ɗauka ba.

To me ya sa a nan gida bambancin yake fitowa fili haka? Domin abin da muke gwadawa daban ne da abin da muke zato. Wanda ya ce tsohuwar Kenwood ɗin mahaifinsa ta fi kayan yanzu, yawanci yana gwada ta ne tana tura manyan sifikokin katako masu wufa (babban faifan da ke fitar da bes) inci goma ko sha biyu, a ɗaya gefen kuma akwatin roba mai fitilu da sifika inci huɗu. Sifika ya gwada, ba amfilifaya ba. A duk jerin kayan sauti, sifika ce ta fi gurɓata abin da aka ba ta. Kai wa kashi 1 cikin 100 ko fiye a wajen bes ba baƙon abu ba ne, wato ninki ɗaruruwa na abin da amfilifaya mai kyau ke yi. Bayanta sai ɗaki: siminti da tayil da gilashi suna mai da sauti ya yi ta karo da kansa, darduma da labule da kujeru suna kwantar da shi. Sai kuma abin da aka saka. Karatun da aka ɗauka da waya, aka tura ta WhatsApp, aka sake turawa, aka zuba a memori, ya riga ya rasa abin da ya rasa. Babu na'urar da za ta dawo da shi.

Sannan ga ainihin cutar, wato ƙananan allunan Kilas D masu arha da suka cika kasuwa. Da yawansu an gina su a kan aisi mai lamba TPA3116 na kamfanin Texas Instruments. Aisin ba shi da laifi. Kamfanin ya rubuta a fili cewa yana ba da wat 50 a kowane gefe in aka ba shi bolt 21 da sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta). Amma a jikin allon sai ka ga an buga wat 100 ko 120 sau biyu, mai saye kuma ya kai gida ya jona da batir mai bolt 12. Lissafin ba ya da wuya: da bolt 12 da sifika mai om 4, iyakar sauti mai tsabta da za a samu bai kai wat 18 ba. Da sifika mai om 8, bai kai 9 ba. Mutumin da ke jiran wat 100 zai yi ta murɗa maɓalli, kan sautin ya yanke, murya ta tsage, tuwita, wato ƙaramar sifikar saman sauti, ta ƙone. Ƙara da cewa masu haɗa irin waɗannan alluna sukan rage kuɗi a naɗin wayar matata, su sa ƙanana da ke cika su daina aiki da zarar wuta ta yi yawa, wani lokaci ma aisin kansa jabu ne. Wanda ya ji wannan ya ce Kilas D ba ta da sauti, ya hukunta dabara da laifin mai ha'inci. Kilas AB mai arha ma haka take. Duk mai gyara ya san akwatunan da ke ɗauke da TDA2030 guda biyu, aisin da bai wuce wat 14 zuwa 18 ba, amma an rubuta dubbai a kwalinsu.

Yanzu mu dawo kan halin da muke ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta don a ji karatu ko a yi taro ya zama abin da ake lissafi kafin a yi. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Gidaje da masallatai da shaguna suna ta komawa sola. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da abin da ya kai wat 1,200 na awa ɗaya, kuma in na ruwa ne ko makamancinsa, rabin wannan kawai ya kamata a ci in ana son ya yi ƙarko. A irin wannan tsari kowane wat da ya tafi a zafi, an saye shi da kuɗin faranti da batir. Gaskiya ne ga mai sauraro a falonsa awa ɗaya ko biyu da yamma bambancin a naira ba wani mai yawa ba ne, ba zan zuzuta shi ba. Amma ga wurin da ake tafsiri da tarawihi da tahajjud a watan azumi, ko makarantar da ke aiki safe da yamma, ko mai shagon da kayansa ke kunne tun hantsi har dare, shi ne bambancin batirin da ya kai ƙarshen zama da wanda ya mutu a tsakiya. Kilas D da yawa ma ana iya jona su kai tsaye da batir mai bolt 12 ko 24, ba sai an bi ta inbata an yi wata asarar ba.

Akwai wani abu da masu tsoffin kaya ba su cika lura da shi ba. Amfilifaya mai taransifoma ƙarfinta yana bin wutar da ta shigo. An ƙera ta don bolt 220 zuwa 240. In wuta ta zo da rauni, ta sauko 170 kamar yadda kowa ya sani yana faruwa a unguwanni da dama, ƙarfin da za ta iya bayarwa yana faɗuwa kusan rabi, domin ƙarfi yana bin ninkin bolt ne a kansa. Mai ita zai ga sauti ya ragu, ya ƙara murɗawa, ta fara tsagewa. Yawancin na'urorin zamani masu kyau suna da sashen wuta mai daidaita kansa, wasu suna karɓar daga bolt 100 har 240. Ga zafin Maris da Afrilu da ke dosar digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe haƙoran alminiyam da fanka. Na'urar da tun asali ba ta yin zafi sosai ta fi samun sauƙi a nan. Kayan gwanjo kuma suna da nasu tarko: na kasuwar Japan bolt 100 suke so, na Amurka 120, kuma kafasitocin da suka shekara arba'in sun bushe ko suna kan hanya. Sautin da ake yabo na 1980 ba lallai shi ne ke fitowa daga akwatin yau ba.

Batun masallatai ya fi damuna, domin kuɗin talakawa ne da aka tara naira-naira. Lasifikar ƙaho da ke kan hasumiya ba ta fitar da ƙasan sauti ko can samansa, iyakarta tsakiyar murya, daga girgiza ɗari biyu ko uku zuwa dubu shida ko bakwai a sakan. Muhawara a kan laushin wannan amfilifaya da kaifin waccan ba ta da gurbi a nan. Abin da ke ɓata kiran salla da huɗuba a wurarenmu sanannu ne: makirufo mai arha da aka manna a baki, bes da aka buɗe wa ƙahon da ba zai iya ɗauka ba har koyil ɗinsa ya ƙone, eko da aka cika har kalmomi suna hawa kan juna, sifikoki shida da aka jera a waya ɗaya ba tare da lissafin om ba, da doguwar siririyar waya da ke shanye ƙarfi kafin ya isa. Ga wuri mai sifikoki da yawa da nisa akwai tsarin layin bolt 100, wanda na'urorin Ahuja da TOA da muka saba da su suke da shi, amma sau nawa ake amfani da shi yadda ya kamata? Kwamitin da ya kashe kuɗinsa a makirufo mai kyau, da ƙananan sifikoki da aka rarraba a cikin masallaci kowace tana magana a hankali, da mai haɗawa wanda ya san aikinsa, zai sami karatun da ake fahimtar kowane harafi, ko da wace irin amfilifaya ce. Maƙwabta masu jinya da masu jarirai su ma za su sami sauƙi, domin yawan murɗa maɓalli sau da yawa neman a ji ne a inda tsarin ya gaza. Ninka ƙarfin wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka wat wajen sau goma.

Inda tsohuwar ƙira ta fi, wuri biyu ne. Na farko rediyo. Mu mutane ne masu sauraren rediyo, kuma har yanzu akwai dattawa a Birni da Tudun Wada da ƙauyukan kewaye da ke kama tashoshi a matsakaicin zango da gajeren zango. Na'urar da ke kunnawa da kashewa sau 400,000 a sakan ƙaramar tashar watsawa ce in ba a killace ta ba, kuma ninkin wannan saurin yana faɗawa daidai cikin matsakaicin zango. Masu ƙera aisin sun san da haka, shi ya sa TPA3116 ke da zaɓin sauya saurin kunnawa don kauce wa tashoshi. Amma allo mai arha da babu akwatin ƙarfe, da doguwar wayar sifika da ta zama eriya, zai iya cika rediyon maƙwabci da shuu. Wannan cutarwa ce ta gaske, kuma wanda ake cutarwa bai ma san daga ina take ba.

Na biyu, wanda ya fi girma, gyara. Tsohuwar amfilifaya littafi ce a buɗe ga mai gyaran rediyo. Ya buɗe, ya auna, ya ga taransista 2SC5200 da abokiyarta 2SA1943 sun ƙone, ko 2N3055 a waɗanda suka fi tsufa, ya cire ya sa wasu, ya canza 'yan resistoci, aiki ya tashi. Da mita da ƙarfen dalma ya ciyar da iyali shekara talatin, ya kuma yaye yara. Matsalarsa ɗaya ita ce taransistocin jabu da suka yi yawa a kasuwa. Kilas D kuwa ƙwayoyinta ƙanana ne manne a fuskar allo, aisin yana da ƙafafu sama da talatin a jere kamar gashi, sashen wutarta yana riƙe da bolt sama da 300 wanda zai iya kashe mai gyaran da bai saba ba, kuma tashin wuta kwatsam ko tsawa ya fi saurin lalata shi fiye da taransifoma. Sau da yawa amsar da mai kaya ke samu ita ce, "Malam, wannan sai dai a sake allo." In allon babu shi a kasuwa, na'urar ta zama shara. Mai saye da ya ce shi zai tsaya a kan abin da za a iya gyara masa a Kwangila ko PZ, ya yi tunani mai kyau, kuma ba ni da abin da zan ce masa sai dai ya faɗi dalilinsa na gaskiya, ya bar cewa sauti ne.

Amma wannan giɓi ba dole ya dawwama ba. Yaran da ke gyaran waya a garin nan kullum suna cire aisi da suka fi waɗannan ƙanƙanta da na'urar hura iska mai zafi. Hannun yana nan. Abin da ya rage shi ne haɗa shi da ilimin sashen wuta mai kunnawa da kashewa, wanda shi ne kuma a cikin inbata da cajar sola da talabijin na zamani. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da sashen injiniyan lantarki, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, bai kamata ya rasa kwas na 'yan makonni da Hausa ga masu gyaran rediyo ba: yadda ake sauke cajin babban kafasita kafin a taɓa, yadda ake gane mosfet, wato taransistar kunnawa da kashewa, da ya mutu, yadda ake zaɓen naɗin matata, yadda ake auna wat na gaskiya da resista da mita. Ƙungiyoyin masu gyara su ne ya kamata su fara ƙwanƙwasa wannan ƙofa, tun kafin aikin ya bar hannunsu. Ɗaliban da ke neman aikin kammala karatu kuma ga abin yi a gabansu: amfilifaya ta masallaci mai aiki da bolt 24 na sola, a akwatin ƙarfe, da allon da ake zarewa a sa wani, da kariya daga tashin wuta.

Sai batun rubutun ƙarya a kwali. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ita ke da alhakin ma'aunin kayan da ake shigowa da su, hukumar FCCPC kuma an kafa ta don kare masu saye daga yaudara. Abin da Amurka ta yi a 1974 ba ya buƙatar wata fasaha mai tsada: a tilasta rubuta ƙarfi mai ɗorewa, a kan om nawa, da bolt nawa, da yawan gurɓata. Kafin a kai nan, mai saye yana da hanyar kare kansa. Ya juya bayan na'urar ya duba wutar da take sha. Akwatin da ya ce yana shan wat 60 daga soket ba zai ba sifika wat 2,000 ba, ko wane kilas ne. In allo ne mai aiki da adafta, ya ninka bolt da amfiyan da aka rubuta a jikin adaftar, abin da ya fito shi ne rufin da ba za a wuce ba. In kuma zai gwada biyu a shago, ya sa a jona su da sifika ɗaya, a saka karatu ko kiɗan da ya sani sosai, a daidaita ƙararsu, ya juya baya wani ya riƙa sauyawa ba tare da ya faɗa masa wacce ke aiki ba.